Hular Kamilu a Kan Babana

Ku bar ni in fara da maganar kai, don duk abin da ya same ni a makon nan daga kai ya taso. Ba kuma nawa ba, na Kamilu.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa shafin nan, sunana Aina'u. A Sharaɗa muke, bayan tsohuwar masaƙar da Babana ya yi wa aiki har aka rufe ta. Sana'ata ɗinkin hula na hannu. Tun ina firamare nake riƙe da allura, har abin ya zame mini ciwo: in namiji ya wuce ta ƙofar gidanmu, kafin in ga fuskarsa na riga na auna kansa da ido. Akwai mai kai kamar ƙwan zabo. Akwai wanda za ka rantse an zauna masa a ka yana jariri. Akwai wanda shi zai shiga ɗaki ya zauna, sannan ƙeyarsa ta yi sallama. Yawancin mazan Kano dai inci ashirin da biyu ne zuwa da uku, wanda ya kai da huɗu sai an yi masa ta musamman.

Ranar da na miƙa wa Kamilu tef ɗin awo a wajen zance na ce ya zagaya kansa, da ya nuna mini inda yatsansa ya tsaya sai na ce ya sake. Ya sake. Ashirin da biyar da rabi. Ya yi dariya ya ce mahaifiyarsa a Ringim har yau in ya ɓata mata rai sai ta tuna masa ranar da ta haife shi.

Kamilu a kamfanin silifas yake aiki a Challawa, wani mako safe wani mako yamma. Ba ya shan komai, ba ya zaman majalisa, in ya ce zai zo to zai zo. Aibinsa ɗaya a duniya: bai taɓa samun hular da ta shiga kansa ba. Ko hular kwanon da ake ba su a wurin aiki sai da aka cire mata igiyar ciki. Saboda haka ya haƙura, yake yawonsa haka, kai a waje yana shan iska.

A haka ya zo gaida Baba karon farko, cikin farar shadda an sha guga, ga turare, ga takalmi sabo. Baba ya amsa gaisuwar a gajarce, idonsa na kan abin da ba a rufe ba. Da ya shigo gida ya ce wa Umma wanda ya zo neman aure kai ba hula, gobe zai zo ta'aziyya da gajeren wando. Umma ta yi ta lallashi, da ƙyar ya ce to ya ba shi dama ɗaya: ya dawo ranar Lahadin da za a shiga makon bikin Zulaihat, bayan la'asar. In ya zo kamar mutum, in dangi sun taru sun tambaya za a ce Aina'u ma an yi magana. In ya sake zuwa haka, kada ya wahalar da kansa da zuwa na uku.

Zulaihat 'yar Baffa Auwalu ce, ƙanin Baba, kuma na girme ta da shekara uku. Za a kai ta Bompai. Ku da kuke da gwaggonni kun san abin da nake sha. Duk wadda ta zo ganin lefe sai ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya kawo naki, da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu.

Na ce ba komai, ai gidan mai allura aka zo. Na sayo yadi, na kai wa mai zane. Da ya ji awon sai ya tambaye ni hula ce ko murfin kwando. Na zaɓi zare ruwan toka da shuɗi mai duhu, da ɗan ruwan goro a baki-baki. Ga hular ango da aka ba ni in ɗinka, ga mafitan da nake yi wa ado da duwatsu na rabon biki sun cika ɗaki, amma kullum sai na saci lokaci na zauna da ta Kamilu. In na ji tarin Baba sai in cusa ta ƙarƙashin mafitai. Yatsana na tsakiya har ya yi kanta. Da zare ya yi saura na ba Kamilu, na ce ya kai wa telansa ya ɗinka masa shadda ruwan toka, a yi aikin wuya da shi. So nake in ya shigo zauren nan Baba ya rasa ta inda zai kama shi.

Ranar Alhamis na gama. Na kai wa Malam Inuwa mai wankin hula da ke bakin masallacinmu, don ya wanke ya sa sitati ya kafa ta. Ya jujjuya ta, ya gwada ta a kan itatuwan da yake kafa huluna, duk ta zurma. Sai ya ce in bar masa, akwai ƙaramin turmin matarsa, in ya kife shi zai yi. Na ce Lahadi da safe zan zo da kaina in karɓa. Ban gaya masa ta wane ne ba. Shi ma bai tambaya ba, kuma da na san abin da ya hana shi tambaya da ban je Tiga ba.

Tafiyar Tiga Atika ce ta ƙirƙiro ta, ƙawarmu mai neman dalilin ɗaukar hoto ko a asibiti. Wai kafin a kulle amarya a Bompai mu fita da ita ta ga ruwa, mu kwana biyu gidan Gwaggo Safiyatu, yayar mahaifiyar Zulaihat da ke aure a can. Na ce ina da aiki. Zulaihat ta kumbura baki ta ce dama ta san ba na farin ciki da aurenta. Wannan magana ita ta sa ni cikin mota ranar Juma'a, ni da ita da Atika da wata ƙawarmu Hafsat, cikin abaya iri ɗaya ruwan zuma da Atika ta tilasta mana, mai jan ƙasa kamar an ɗauke mu aikin shara. Tun daga Na'ibawa suke waƙa. Ni kuwa ina bayan direba da kwalin duwatsu a cinya ina ƙarasa mafici.

Ba zan yi ƙarya ba, Tiga ta yi daɗi. Gwaggo ta soya mana kifi har muka ƙoshi muka koma tsintar na kusa da ƙaya. Aka zana mana lalle a tsakar gida. Da safiyar Asabar muka shiga kwalekwale, Hafsat ta karance duk addu'ar da ta sani har da ta shiga kasuwa. Abu ɗaya ne, waya ba ta kamawa a gidan, sai an hau wani dutse kusa da ruwa. Muka hau da hantsi don Atika ta ɗora hotunanta. Ina kaiwa sama wayata ta hau kuka ba ƙaƙƙautawa.

Zauren danginmu na WhatsApp ne. Na buɗe, na ga saƙonni sun yi layi: Allah ya yi wa Aina'u albarka. Allah ya ba ki masu yi miki. Kai, 'ya mace rahama. Na yi ta ja sama ina neman abin da na yi. Sai ga hoto.

Baba ne zaune a zaure, cikin babbar rigar da ba ya fito da ita sai da Sallah. Yana murmushi har haƙora, mutumin da ko a hoton fasfo kamar zai ci mai ɗauka. A kansa kuwa, ruwan toka da shuɗi mai duhu, da ɗan ruwan goro a baki-baki. Ta zauna daram, kamar a kansa aka ɗinka ta.

Na zauna a kan dutsen nan ban san na zauna ba.

A nan dole in yi muku bayani, don na san akwai mai cewa yaya mai auna kan mutanen titi ba ta san na ubanta ba. Tun da na buɗe ido Baba farar hular saƙa yake sawa, irin mai talewa da alhazai ke kawowa tsaraba, ya ja ta har goshi. Ban taɓa ganinsa a gaban baƙo babu ita ba. Sau ɗaya na ce zan ɗinka masa, ya ce in adana zarena don masu saye. Na ɗauka tawali'u ne. Ido kuma ba ya auna abin da ya tashi yana gani.

Na kira Malam Inuwa. Ya ɗauka da fara'arsa, yana jiran godiya.

"Malam Inuwa, wa ya ce ka kai wa Baba hular nan?"

"Haba 'yata, sai an ce? Duk Sharaɗa kai ɗaya ne zai cika turmi. Ta bushe tun jiya, na ce don me dattijo zai jira Lahadi ga Juma'a ta zo. A sahun gaba ya yi salla da ita."

Ya ƙara da cewa Baba har goro ya ba shi, fari, guda biyu. Na kashe wayar don kada in faɗi abin da za a kai ƙarata.

Ƙawayen arziki kuwa, da na gaya musu, Atika ta yi dariya har ta saki wayarta a kan dutse, wanda shi ne abu ɗaya da ya sanyaya mini rai a ranar. Hafsat ta ce in ce masa ta wani kwastoma ce, kuskure aka yi. Zulaihat ta karɓi wayar ta ƙura wa hoton ido, ta ce ai kalar ta dace da ankon maza na ɗaurin aure, a bar masa kawai. Amarya ba ta ganin komai a duniya sai bikinta.

Na kira Umma. Kafin in yi magana ta ce ta sani. Tun da ta ga hular ta san ba don tsoho aka zuba wannan ruwan goron ba. Na ce to ta karɓo mini mana, ta san dabarar da za ta yi. Sai ta ba ni labarin da ya ƙarasa ni.

Wai da Baba ya dawo daga masallaci, ɗakinta ya shiga ya tsaya gaban madubi, ya daɗe. Ya ce mata tun da yake bai taɓa sa abin da aka yi don kansa ba. Ashe lokacin da ya je gaida mahaifinta neman aurenta, hular wani ya aro ya tsaga ta ta baya ya kama da fil. Ya zauna ya manna ƙeya da bango har aka gama, da zai fita kuma da baya-baya ya fita, mutanen gidan suna ta yaba ladabinsa. Shekara talatin Umma na aure da shi, sai jiya ta ji wannan.

Na ce, "To Umma, shi da ya san ciwon, me ya sa ya tsananta wa Kamilu?"

"Cewa ya yi shi ai ya nemi dabara, yaron nan ko ƙoƙari bai yi ba." Ta sauke murya. "Yanzu haka yana zaure, duk wanda ya shigo sai ya cire ya ce ya gwada. Liman ta rufe masa hanci. Baffanki Auwalu har kunnuwa ta haɗiye. Babanki dariya yake har da hawaye. In kin isa ki dawo ki cire masa da hannunki, ni ba da ni ba."

Sauran Kamilu. Na tura masa hoton ba tare da na rubuta komai ba. Ya gani. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Abin da ya fito:

"Ta yi masa kyau wallahi."

Jama'a ku ji mini mutum. Wata guda ina huda yatsa, aurenmu na rataye a kan hular nan, shi abin da ya gani ke nan. Na rubuta masa cewa in ya tashi aiki ya wuce kasuwar Kwari ya bi rumfa-rumfa. Ya je. Wajen la'asar na sake hawa dutsen, abayar nan na harɗe ni, na tarar da hotuna guda shida: Kamilu da huluna kala-kala, kowace ta ɗare can ƙololuwa kamar tsuntsu a kan tulu. Na ce ya yi dabarar Baba, ya tsaga ta baya. Ya gwada da ta abokinsa, ta yage har sama, yanzu kuma abokin na fushi. Na ce ya naɗa rawani. Ya ce sai a zaci sarautar masu silifas aka ba shi. Na ce to ni gobe zan faɗa wa Baba gaskiya, in karɓo, in ya so daga baya in ɗinka masa wata.

Nan ya kira ni, bai yi rubutu ba.

"Aina'u, kada ki karɓe ta. Na ga fuskarsa a hoton nan. Ni na san abin da ya ji."

"To kai fa? Ka san abin da ya ce."

"Zan zo a yadda nake."

Na ce masa ya zo a yadda yake ɗin, ya koma a yadda yake, ya je ya auri injin silifas. Na kashe. Na zauna ina kallon ruwa ina jin haushinsa, ina jin haushin Malam Inuwa da turmin matarsa, ina jin haushin Atika da ta kawo ni inda sai an hau dutse ake jin mugun labari. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san Kamilu ke da gaskiya.

Lahadi muka makara, don Gwaggo ta rantse ba mai fita sai an ɗaure mana kifi. A Na'ibawa tirela ta gitta hanya. Sai bayan azahar na shiga gida, duk na yi laushi, lallen hannuna ya yi jawur, ina warin kifi.

Baba na tsakar gida a kan tabarma, hular na kansa. Umma ta ce ko da zai yi alwala a kan cinyarsa yake ajiye ta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana. Yana ganina ya washe baki.

"Uwata, zo nan. Ashe ɓoye mini kike ta yi a ƙarƙashin mafitai. Kin zaci ban gani ba?"

Na durƙusa. Na shirya maganata tun daga Tiga, na maimaita ta a mota har na haddace. Ya ɗora hannu a kaina ya fara sa albarka. Ya yi wa hannuna addu'a, ya yi wa idona, ya roƙa mini miji nagari wanda zai san darajata. Na ɗaga ido na ga Umma a ƙofar kicin da muciya a hannu, ta tsaya tana kallona. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne amin.

Aka yi la'asar. Baba ya koma zaure shi da Baffa Auwalu. Ni kuwa na ɗora ruwa da kofuna a faranti na tsaya bayan ƙyauren da ke tsakanin zaure da cikin gida, inda katakon ya tsage. Duk 'yar da ta tashi a gidan nan ta san tsagar nan.

Kamilu ya yi sallama a kan lokaci. Shadda ruwan toka, sabuwa fil, aikin wuya shuɗi mai duhu da ɗan ruwan goro. An yi aski, kan nan na ƙyalli, babu ko zare a kansa. Ya cire takalmi ya durƙusa can nesa, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Bai kalli hular ba ko sau ɗaya, kuma na san da ƙyar ya hana idonsa.

Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Yaro, me na ce a gaya maka?"

"An gaya mini, Malam. Na nema, ban samu daidai ni ba. Na ga gara in zo ku gan ni, da a ce kun kira ban zo ba."

Baffa Auwalu ya yi gyaran murya. Na jira Baba ya ce tashi ka tafi. Sai na ji ya yi wata 'yar dariya, irin wadda ya koya cikin kwana biyun nan.

"Ba ka samu daidai kai ba. Ni za ka gaya wa rashin daidai? Yaran yanzu, da mutum ya ga kansa ya ɗan tasa sai ya ce ya fi ƙarfin kasuwa." Ya kai hannu biyu ya cire hular a hankali, ya miƙa. "Ungo, ɗora wannan ka ga abin da ake kira kai. Liman ta rufe masa hanci."

Kamilu ya ce a'a, ba zai sa hular babba ba. Baba ya ce shi ya ba shi. Kamilu ya sake cewa a yi masa afuwa. Baffa Auwalu, wanda ke neman abokin kunya tun da ta haɗiye masa kunnuwa, ya ce ɗora mana, ai kowa ya ɗora. Har ya fara dariyar tun kafin a yi.

Kamilu ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗora.

Ba ta rufe hanci ba, ba ta taɓa kunne ba. Ta sauka ta tsaya daidai inda na auna mata ta tsaya, yatsa biyu saman gira.

Dariyar Baffa ta tsaya cak. Baba ya kalli hular. Ya sauko da ido kan wuyan rigar, ya daɗe a kan ruwan goron nan, ya sake komawa kan hular. Sannan ya kai hannu ya shafa kansa, kamar yanzu ya tuna babu komai a kai. Ban taɓa ganin furfurarsa a zaure ba. Kamilu ya kai hannu zai cire, Baba ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya bar ta.

Bai juyo ba, don ya san inda nake. Shi ya kafa ƙyauren nan, ya san tsagarsa.

"Aina'u."

Ba Uwata ba.

"Ajiye ruwan nan. Ki shigo, ki taho da tef ɗinki ki auna kaina."